Ƙofar Siton Kaka

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya abokan zama? Mamanki ta ce in tambaye ki ko tarin nan ya sake ki, kuma wai kada ki ce mata da sauƙi in ba da sauƙin ba ne, ta san muryarki.

Saƙonki ya iso ta hannun direba, har da takardar lissafin da kika sa a ciki kika ce in duba in na sami sarari, tunda ni ne mai sana'ar makullan lamba. Na sami sarari. Maganar lamba ba ta yiwuwa a waya, mutum na cikin faɗa layi zai yanke, shi ya sa na zauna na rubuto.

In na fahimce ki, malaminku ya sa ki jera lambobin da yatsa zai buga ba tare da ya yi tsalle ba. Daga maɓalli sai maƙwabcinsa, na gefe ko na sama ko na ƙasa, ban da na kusurwa. Wato 12 ta shiga, 14 ta shiga, amma 13 ba ta shiga ba don sai an tsallake 2, haka 15 don kusurwa ce. To wannan ai ba sai an je jami'a ba. Shekara da shekaru ina kallon yatsun mutane a kan makullan da nake kafa musu, kuma yawancinsu haka suke zaɓar lamba saboda lalacin yatsa. Na ɗauko makulli ɗaya daga kanta na ajiye a gabana, na bi lambobi masu gida biyu ɗaya bayan ɗaya, na sami ashirin da biyar. Ke kin rubuta ashirin da shida. Da na bi naki sai na ga inda kika zame: kin sa 10, kin sa 20, kin bar 80. Auta, yaushe 1 ta zama maƙwabciyar sifiri? Sifiri a ƙarƙashin 8 take zaune ita kaɗai. Ki gyara kafin ki miƙa, kada a ce 'yar mai makulli ba ta san inda sifiri take ba. Ni a sakandare na tsaya, ita ma ban fito da sakamakon da za a rataya a bango ba, amma wannan allon lambobin da shi na gina gidan da aka haife ki a ciki, ba wanda ya ba ni ko sukudireba.

Labarin gida ba wani mai yawa. Makullin siton Kakanki, wanda na kafa masa tun kina goye, ya mutu, ruwan sama ya shige shi. Na sa masa wani sabon samfuri da mai kawo min kaya ya ba ni in gwada, guda ɗaya tak, maɓallansa na ƙarfe, ruwa ba ya yi masa komai. Ba na kai wa surukina kayan da ba na farko ba. Ranar Kaka ya tafi duba mara lafiya, Kawunki ne ya ba ni lambar, na sa masa ita yadda take don kada a canza wa tsoho abin da ya saba.

Sai dai an ɗan yi abin dariya washegari. Kin san dokar shagon Kakanki: ƙusa da noti kowa na iya sayarwa, amma siton baya Kaka ne ke fara buɗe shi da safe, Kawu da furfurarsa sai ya tsaya a baya yana jira. To Kaka ya danna, ƙofa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. A na uku makullin ya saki jiniya, masu shagunan layin suka fito da sanduna suna neman ɓarawo. Aka kira ni, na zo na danna lambar, ƙofa ta buɗe kamar tana jirana. Kaka ya ce na kawo masa makullin banza. Ban yi musu ba, uban matata ne. Na ce sabo ne, hannu zai saba.

Ki ci abinci, ki rage shayin dare. Mamanki na gaishe ki.

Babanki,
Mai Makulli

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, jarrabawar gwajin kuma ta zo da sauƙi. Mu nan jiki lafiya, alhamdu lillahi, hankali ne dai ba a kwance ba.

Na ji abin da kika ce a waya kafin layi ya yanke, cewa kina nan a kan ashirin da shidanki kuma za ki aiko min da zane. Aiko. Taurin kai dai na san inda kika gado shi, ba daga wajen mamanki ba ne.

Abin da na ba ki labari a matsayin abin dariya ya daina zama na dariya. Hannun Kaka bai saba ba. Kowace safiya sai jiniya, har masu shagunan layin sun daina fitowa, sai dai wani ya ɗaga murya daga cikin shagonsa ya ce Baba ya iso. Rannan Kawu ya gaji, a gaban masu saye ya ce, "Baba, faɗa min lambar da baki." Kaka ya ce shi ba ya faɗin lamba da baki. Kawu ya ce to ya raɗa masa a kunne. Kaka ya koma ya zauna a benci. Tun daga ranar bai sake taɓa ƙofar ba. Yana zuwa da sassafe kamar kullum, ya buɗe ƙofar gaba da mabuɗi, ya zauna a waje har Kawu ya zo ya buɗe siton.

Kawunki ya zo gidan nan ya zauna da mamanki, ni ina gefe. Ba zan zalunce shi ba, ba shagon yake kwaɗayi ba, tsoro ne a fuskarsa. Ya ce ba makullin kaɗai ba ne. Wai Kaka ya wuce mai walda, abokinsa tun suna samari, bai gaishe shi ba sai da ya yi magana. Wai ya zuba shayi a gefen kofi. Wai ya fito da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ja. Mamanki ta ƙara da cewa ita ma ta shiga wajensa ya kira ta da sunan ƙanwarta, sai da ta gaishe shi ya gyara. Suka haɗa wannan da wancan suka ce ƙwaƙwalwa ce ta fara tafiya. Ni na ce mutumin da har yanzu za ka miƙa masa noti ya murza a yatsa ya gaya maka lambarsa, ban ga alamar ruɗewa a tare da shi ba. Kawu ya ce wannan ai hannu ne, ba kai ba.

Daga nan ya juyo kaina, ya ce ko dai makullin ne ke da matsala, in gaya masa gaskiya. Kin san ba na son a taɓa min aiki. Na ce mu je. A gaban Kaka da Kawu da duk wanda ke wajen na danna lambar, na rufe, na sake dannawa, na sa Kawu ya danna, na sa mai walda ya danna. Ko sau ɗaya bai ƙi ba. Na ce makullina ba ya ƙarya, wanda ya ba shi lambarsa zai buɗe masa. Kawu ya ce shi ke nan, abin da yake son ji ke nan. Sai bayan na dawo gida na lura cewa da bakina aka yanke wa tsohon hukunci.

Yanzu Kawu ya karɓo wa Kaka rana wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuma ya ce kafin ranar za a yi zaman iyali a karɓi mabuɗan shagon, Kaka ya zauna a gida ya huta. Mutumin da ya fara da tire ɗaya na ƙusoshi a bakin titi. Mamanki ta ce kwanon da ake kai masa yadda ya tafi haka yake dawowa.

Ki kira shi ki gaishe shi, amma kada ki nuna kin san komai. Ki yi masa hirar makaranta, yana son ta.

Babanki,
Mai Makulli

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da abokan karatunki. Zanenki ya iso, kuma ya zo da aiki.

Na buɗe takardar na ga kin zana allon lambobin kwamfutarki: 7, 8, 9 a sama, 1, 2, 3 a ƙasa, sifiri mai faɗi ta kwanta a ƙarƙashin 1 da 2. Da farko na ce yarinyar nan ta juya takardar ne. Na jawo kalkuletar shago, na ga ita ma haka take. Na ɗora wayata kusa da ita, 1, 2, 3 a sama. Auta, ina danna waɗannan abubuwa biyu kowace rana ta Allah, ban taɓa lura ɗaya a kife yake ba. Ni ido ke kai ni, in nemi lamba in danna, duk inda aka ajiye ta. To a allonki 10 da 20 sun shiga, 80 ta fita, ashirin da shida daidai ne. A nawa kuma ashirin da biyar daidai ne. Ban yi kuskure ba, ke ma ba ki yi ba. Amma ki rubuta wa malamin a saman takarda wane allo kike nufi, don jerin lamba irin wannan ba shi da ma'ana sai an san inda aka zaunar da kowane maɓalli.

Ina cikin kallon kalkuleta da waya sai na tuna makullin sito. Na rufe shago na tafi siton Kaka. Sabon makullin nan da nake ta yabo, 7, 8, 9 ne a samansa.

Washegari na riga Kawu zuwa, na sami Kaka shi kaɗai a benci. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya taɓa ƙofar sau ɗaya saboda ni. Ya ce in ƙyale shi, ya gaji da zama abin kallo. Na ce ba kowa, ni kaɗai ne. Ya tashi. Ban kalli fuskarsa ba, yatsansa na kalla. Ya shafa gefen makullin ya sami kusurwar sama ta hagu, ya danna, ya sauko ɗaya, ya sake saukowa, ya matsa dama. Duk wannan fuskarsa na kallon titi. Ba na rubuta lambar mutum a takarda, amma ba za ki gane ba sai na rubuta, don haka ki yaga wannan in kin karanta. Lambar siton 1478 ce. A tsohon makulli, wannan tafiyar yatsan ita ce 1478. A sabon, ita ce 7412. Ko maɓalli ɗaya tsohon nan bai manta ba. Lambar ta daɗe da barin bakinsa ta koma hannunsa, ni kuma na zo na kife masa allon.

Na yi masa bayani. Ya ce in mayar da ƙofar yadda hannunsa ya san ta, kuma kada in gaya wa kowa dalili, ko mamanki. Na ce Baba, ai da ka duba lambobin da ka gani da kanka. Ya ce, "Makulli aka kira ka gyara ko ni?"

Irin tsohon makullin mai jure ruwa ya ƙare min, sai mai kawo kaya ya zo. Wannan kuma lamba ɗaya yake riƙewa. Sai na yi abin da ya fi sauƙi, na canza lambar ta koma 7412. Da Kawu ya iso, Kaka ya miƙe a gaban kowa ya danna, ƙofa ta buɗe. Mai walda har da tafi. Na koma shago ina jin na gama aiki.

Abin da ban lissafa ba shi ne Kawu ma yana shiga siton. Da rana ya je ɗauko kwalin ƙusoshi, ya danna 1478 har sau uku, jiniya ta tashi. An ce Kaka ko motsi bai yi ba daga kan benci, ya ce, "A'a, kai ma? To mu tafi wajen likitan tare." Layin gaba ɗaya aka kwashe da dariya.

Kawu bai yi dariya ba. Ya zo shagona ya same ni da masu saye, ya jira suka tafi, sannan ya ce ya gane abin da na yi. Wai na bi lambar da ruɗaɗɗen yatsan tsoho ke dannawa na mayar da ita ta gaskiya don in rufa masa asiri, in bar ciwo yana cinsa. Ya ce, "In gobe ya manta hanyar gida, gidan za ka ɗauko ka kai masa inda ya tsaya?" In ba ka san dalili ba, maganarsa daidai ce. Dalilin kuma an ce kada in faɗa. Na ce masa ni dai na san aikina. Ya ce ya ga alama.

Yanzu ya matso da zaman iyalin kusa. Mamanki tana ajiye min abinci ba ta cewa komai, a ganinta na mayar da ciwon ubanta abin wasa. In na yi shiru za a karɓe mabuɗan a kan ciwon da ba shi da shi. In na yi magana na saɓa wa abin da ya roƙe ni, kuma ina zargin akwai abin da yake ɓoyewa wanda maganar za ta tono. Ba shawara nake nema ba, ina gaya miki ne don ke kika aiko da zanen.

Ki kula da kanki.

Babanki,
Mai Makulli

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Na san mamanki ta ɗan gaya miki a waya, amma tana yi tana kuka, ban san abin da kika tsinta ba. Ga yadda aka yi.

An zauna a falon Kaka, shi a kujerarsa ta kusa da taga, Kawu da mamanki da ƙannensu mata a kan tabarma. Ni na zauna a bakin ƙofa inda suruki ke zama, wanda aka gayyata don ya ji, ba don ya ce ba. Kawu ya yi magana mai kyau, ban taɓa jin ya yi irinta ba. Ya ce ba wanda ya isa ya biya Baba abin da ya yi musu, ba kuma korarsa ake yi ba, so ake ya huta a nemi magani tun da wuri. Ya jero maganar mai walda da shayi da takalmi da ƙofa. Ya ƙare da cewa Baba ya taimaka ya ba shi mabuɗan. Kaka ya sa hannu a aljihu, na ji ƙararsu, amma bai fito da su ba.

Na ce ina neman izini in yi magana. Kaka ya ce, "Ba a sa da kai ba." Tun da na auri mamanki ban taɓa tsallake maganarsa ba. Ranar na tsallake. Na ce maganar ƙofa aikina ce, kuma aikina ne ya jawo ta. Na kafa makullin da lambobinsa ke jere ba kamar na da ba, ban lura ba, na kuma tsaya a gaban jama'a na ce ba shi da laifi. Na ciro zanenki na ajiye, na ajiye wayar mamanki mai maɓallai kusa da shi, na nuna musu sama da ƙasa. Ƙannen mamanki suka leƙa suka ce su ba su ga abin da wannan ya haɗa da ciwon Baba ba. Kawu ya ce in bar kewaye-kewaye.

Sai na ɗauki wayar na je na durƙusa na sa wa Kaka a hannu, na ce ya buɗe sito. Ya riƙe ta kamar na ba shi garwashi. Ya san inda abin zai kai, ni ma na sani. Mamanki ta ce, "Baba, don Allah." Ya shafa gefen wayar da babban yatsa, ya danna sau huɗu, ya miƙo ba tare da ya duba ba. Na ba Kawu. 1478 ce a rubuce.

Kawu ya kalli wayar, ya kalli zanenki, ya bi da yatsansa a kan takardar, na ga bakinsa na motsi. Ya gane. Mamanki ta fara hamdala, ƙannenta suka kama. Na ɗauka an gama. Amma Kawunki ba wawa ba ne. Ya ce, "To Baba, duk safiyar nan da ƙofa ke ƙin buɗewa, me ya hana ka duba lambobin? Manya ne, farare a kan baƙi." Kawu ya matso a kan gwiwoyinsa ya ɗaga masa wayar ya ce ya karanta masa abin da ke jiki. Kaka ya kawo ta kusa da hanci, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen taga. Sannan ya ajiye ta a cinya.

Ya ce tun bara abubuwa suka fara zama kamar ana kallonsu ta cikin hayaƙi. Idon dama yanzu haske kawai yake gani. Mutane da murya yake gane su, kaya da hannu, hanyar shago kuma ƙafarsa ta san ta. Mamanki ta ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce, "Da na faɗa, ai da tun bara aka yi wannan zaman."

Daga nan aka shiga gardama. Kawu ya ce ko ido ne ko kai ne, mutumin da ba ya ganin mota ba zai riƙa tsallaka babban titi da sassafe shi kaɗai ba, ya ba da mabuɗan. Kaka ya ce wanda ya ce kansa ya taɓu alhali lafiyarsa ƙalau, bai da bakin sake yanke masa hukunci a rana ɗaya. Mamanki ce ta raba. Ta ce a soke likitan ƙwaƙwalwa a nemi na ido. Mabuɗai su zauna a aljihun Baba har likitan ya faɗi nasa. In ya ce idon zai gyaru, magana ta mutu. In ya ce ba zai gyaru ba, a sake zama. Kafin nan Kawu ya riƙa biyowa yana ɗaukarsa da safe. Kowa ya karɓa ba don ya so ba.

Da zan tafi na durƙusa na yi masa sallama. Ya amsa wa kowa, ni bai amsa min ba. Na je gaishe shi bayan nan, ya sa aka ce yana barci, alhali ina jin rediyonsa. Ban ji haushi ba. Ya ba ni amana na fasa ta a gaban 'ya'yansa. In aka sake maimaitawa haka zan yi, amma wannan ba ya sa ya zama bai ji ciwo ba.

Na ga lissafinki na masu gida uku, saba'in da bakwai. A allona saba'in da biyu na samu. Dabarar da kika nuna ta ƙirga maƙwabtan kowane maɓalli maimakon rubuta lambobin duka ta yi, ta rage min wahala. Da na zauna da kyau da ni ma na gano ta.

Ki sa Kakanki a addu'a. Mamanki ta dawo yi min magana, tana gaishe ki.

Babanki,
Mai Makulli

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya kuma an fara shirin hutu. Wannan gajeriya ce, direba na jira.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun, irin ta tsufa, kuma ana cire ta. An yi wa na dama aiki, na hagu sai nan gaba. Da aka cire bandejin, an ce Kaka ya kalli Kawu ya daɗe, ya ce ashe haka Kawu ya tsufa ba wanda ya gaya masa. Ba a sake zaman iyali ba, ba kuma wanda ya sake tayar da maganar mabuɗai. Suna aljihunsa.

Kafin ya koma shago mai kawo kaya ya zo, na cire wancan makullin na kafa mai 1, 2, 3 a sama, na mayar da lambar da. Yanzu hannun Kaka da bakin Kawu sun koma abu ɗaya.

Ranar da ya koma na je, na tsaya daga nesa wajen mai walda, tunda har lokacin ba ya amsa gaisuwata. Ya sauko daga motar Kawu da baƙin tabarau, ya buɗe ƙofar gaba, ya wuce sito, ya danna, ta buɗe. Bai shiga ba. Ya cire tabarau ya tsaya yana kallon makullin, ya ja da baya ya sake kallo. Sannan ya ɗaga murya ya ce ina mijin 'yarsa, ya san yana nan yana laɓe. Na zo na durƙusa. Ya ce, "Kai ka kafa wannan?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "A karkace yake."

Na ce ba na kafa abu a karkace. Ya ce to shi dai yanzu yana gani, in tashi in ba shi hanya yana da masu saye.

Da yamma bayan sun rufe gaba na roƙi Kawu ya bar ni in shiga, na ɗora ma'aunin nan mai ruwa na gwada karkata a kan makullin. Ƙwayar ta ɗan gudu hagu. Kaɗan ne, wanda ba ido ɗaya sabo gare shi ba ba zai lura ba. Gobe da safe zan je da injin huda bango, ya ce in zo da wuri kafin ya buɗe, kuma in ya ga ƙura a kan kayansa ni zan share.

Ki gaya min ranar da za ki taso in sa a tarye ki a tasha. Kowa na gaishe ki.

Babanki,
Mai Makulli